Ranar da Gidan Harsashi Ya Ƙi Buɗuwa

Tunda labarin nan ya riga ya kai kunnen waɗanda ba sa ma wajen, kuma kowa ya ƙara masa gishiri gwargwadon haushin da yake ji na, bari ni ma in faɗi nawa.

Ranar share kayan aiki ce, bayan atisayen da muka yi a filin yashi. Aka haɗa ni da sababbin yaran nan, wai in nuna musu yadda ake kwance gidan harsashin ƙaramar bindiga a goge shi. Harsasai tun a ƙofa aka cire su, aka ƙirga, aka kulle a wani ɗakin daban. Ku riƙe wannan da kyau: babu ko harsashi ɗaya a ɗakin da muke, kuma ni na fi kowa sanin haka, tunda ni na sa hannu a littafin.

Na fara da bayani, kuma ko maƙiyina ya san bayanin ya yi kyau. Na ce musu abin nan gaba ɗaya kaya 5 ne: jikinsa, da 'yar kujerar da harsashi ke zama a kai, da sifirin da ke tura ta sama, da wani ɗan faranti mai maɓalli, sai murfin ƙasa. Na ce yawancin lokacin da bindiga ta cije, mutane sai su kama zagin bindigar, alhali laifin yana cikin wannan ɗan akwatin. Ka jefar da shi ƙasa wajen sauri, yashi ya shiga ta baki da ta 'yan hujojin da ake leƙa yawan harsashi, kujerar ta fara tafiya da ƙyar, shi ke nan harsashi ba zai iso a kan lokaci ba. Na ce buɗe shi kuma wasan yara ne. Ka danna maɓallin da ke leƙowa ta hujin murfi, ka ja murfin gaba, ka tare da babban yatsa.

Na danna. Na ja. Ya ƙi ƙememe.

Irin namu ba maɓallin ne kaɗai ke riƙe da murfin ba. Akwai wasu 'yan kunnuwa biyu a gefe da gefe da suke shiga cikin murfin su kama shi ƙam, sai ka matse jikin gidan sun lotsa ciki sannan murfi zai zame. To jikin roba ne a waje, amma an shimfiɗa masa ƙarfe a ciki, ba ya matsuwa don ka ce masa don Allah. Da gangan aka yi shi haka, don kada ya faɗi ƙasa cike da harsashi 15 gindinsa ya fita komai ya watse. Na yarda da hikimar. Abin da nake tambaya kawai, wanda ya zana shi hannu nawa gare shi? Ɗaya na danna maɓalli, ɗaya na matsa, ɗaya na jan murfi, ɗaya na tare sifirin. Ni dai biyu Allah ya ba ni.

Akwai tsinken ƙarfe da ake yin aikin da shi, siriri, kaurinsa bai kai milimita 3 ba. Ina da nawa, mai kyau, har na naɗa masa jan salatif don kada ya ɓata. Mutumin ku na ofishin sama ya aro shi, wai yanzu zai dawo da shi. Kun san shi, ba sai na ƙara komai ba. Don haka da ƙusa na zo aikin.

Duk wannan abin Baba yana zaune a kujerarsa ta bakin taga. Ni har yau ban san wa ke ba Baba izinin shiga ɗakin nan ba. Mutum ya yi ritaya, an yi masa taron ban kwana, an ba shi kyauta, washegari ya dawo ya zauna a inda ya saba, kuma babu mai iya ce masa uffan saboda shi ya koya wa Yallaɓai riƙon bindiga. Ba ya taɓa komai, ba ya ɗaga komai, aikinsa gyaran murya. Ina cikin kokawa da ƙusa na ji "ehem".

Ya ce, "Ɗan nan, ta sama ake fitar da ita."

Na ce, "Baba, wannan ta ƙasa ne."

Ya ce, "Ta sama. Ka danna kujerar ƙasa, ka zura ƙusarka ta hujin gefe ta riƙe sifirin, ka kife shi ka girgiza, kujera ta faɗo da kanta."

Abin haushin shi ne ba ƙarya yake yi ba. Haka ake yi wa gidan harsashin tsohuwar bindigar nan da ake kira 1911, wadda John Browning ya zana, mai cin harsashi 7 a layi ɗaya. Ita murfin nata ma walda aka yi masa, ba ya cira, dole ta sama za ka bi. Amma tamu layi biyu ce, harsasan a karkace suke jeruwa, jikin yana da faɗi sannan ya tsuke wajen baki. Kujerar ta fi bakin faɗi, ko shekara za ka yi kana girgizawa ba za ta fito ba. Na yi masa wannan bayanin cikin ladabi, da "Baba" a farko da "Baba" a ƙarshe. Sai ya juya ga yaran, ni ya bar ni da ƙusata, ya buɗe musu tarihi. Wai sojan Amurka sun riƙe 1911 har 1985 ba wanda ya taɓa neman filaya. Wai shi da bindigar Browning ta Beljiyam ya yi aiki, ƙirar 1935, mai cin 13, ƙarfe zalla, idonsa a rufe yake kwance ta. Wai duniya ta lalace ne tun 1982, da sojan Ostiriya suka karɓi bindigar roba daga hannun mutumin da sana'arsa yin sandar labule. Gaston Glock yake nufi, kuma gaskiya ne ya yi sandar labule da wuƙaƙe kafin bindiga, sai dai 'yan sandan ƙasashe da yawa da ita suke aiki har gobe, kuma tamu ba ma ƙirarsa ba ce. A wajen Baba duk abin da ba ya tsatsa Glock ne.

Yaran kuwa sun saki baki suna saurarensa. Har da gyaɗa kai. Mutanen da aka ba ni amana.

Na ɗauko filaya, na naɗe gindin gidan da tsumma don kada haƙoranta su ci robar, na matse da hannun hagu. Na kife shi, na jingina bakinsa da cikina, gindin yana kallon sama. Hannun dama na zura ƙusa har ciki na karkata ta. Na ce da dogon nan, wanda kullum hularsa ke karkace, ya zo ya ɗora babban yatsansa a bakin murfin, da zarar ya ga ya motsa ya danne. Ya ce, "To, Oga." Ya ɗora yatsa. Kunnensa kuma yana wajen Baba, wanda a lokacin ya kai inda shi kaɗai ya gyara bindigogin rundunarsu cikin dare ba fitila.

Dab da nan na ce musu, da murya ta manya, "Abu na farko a aikin nan shi ne natsuwa. Wanda ƙara ke firgita shi ba shi da wuri a cikinmu." Na faɗi haka, ban musa ba, kuma har yanzu ina kan bakana.

Baba ya kai wajen dariya a labarinsa. Dogo ya ɗauke yatsa don ya rufe baki. Murfi ya zame.

Wanda bai taɓa ganin sifirin gidan harsashi a sake ba ba zai gane ba. Ya fi gidan nasa tsawo nesa ba kusa ba, a dunƙule yake zaune a ciki ko da babu harsashi ko ɗaya, yana jiran rana irin wannan. Ya fito kamar ɗan akuyar da aka kwance wa igiya. Ɗan farantin da ke kansa ya fara gaisawa da karan hancina, ya wuce ya bugi tabarau na kariya, wanda ke goshina a lokacin, kuma ai goshi ma wurin karewa ne. Murfin ya yi nasa waje, ya tafi kai tsaye ya sami ƙofar kabad ɗin ƙarfen nan da babu komai a ciki. Kun san ƙarar kabad ɗin ko da gwiwa aka taɓa shi. TAS! A ɗaki rufe.

Abin da na sani bayan nan shi ne ina ƙarƙashin tebur.

A nan ne nake so a yi min adalci. Shekara da shekaru ana koya mana cewa in ka ji ƙara ka nemi ƙasa tukuna, tambaya daga baya. An sa mu birgima a kai, an hana mu hutu a kai. A ɗakin nan kaf mutum ɗaya ne jikinsa ya bi horon da aka ba shi. Sauran suna tsaye cak, baki buɗe, da abin gaske ne da tuni an gama da su. Ya kamata a ce ni aka yaba wa.

Maganar ihu kuma ƙarya ce. Suna cewa wai na ce "wayyo Inna". Salati na ɗauko, kaina ya bugi ƙafar tebur, ya yanke a tsakiya. Kuma muryar ba ta kai siririn da Dogo ke kwaikwaya ba. Takalmi ɗaya da ya fita, igiyarsa ce dama ta saki tun safe.

Ɗaki ya yi tsit. Ina kwance rub da ciki, hannu biyu a ƙeya, ina jin wani abu yana ta "zirrr" a can wani lungu har ya gaji ya yi shiru. Daga inda nake ƙafafu kawai nake gani. Ina kallon takalman yaran a jere, guda ɗaya yana rawa, mai shi yana ƙoƙarin haɗiye dariya tana fita ta gwiwa. Ina kallon filayata a ƙasa da tsummanta. Ina lissafin yadda zan fito da mutuncina, ko in yi tari, ko in ce gwaji ne na yi musu. Sai ƙofa ta buɗe, wasu takalma masu ƙyalli suka shigo, duk sauran takalman suka haɗe dunduniya lokaci ɗaya. Masu ƙyallin suka tako a hankali har gaban hancina suka tsaya.

Yallaɓai bai ko sunkuyo ba. Ya ce, "Wa ke ƙasan nan?"

Baba ya ce, "Malaminsu ne."

Yallaɓai ya ce, "Me kake yi a nan?"

Na ce, "Sifirin nake nema, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Da hannu biyu a ka?"

Wani daga cikin yaran ya saki wata irin ƙara ta hanci. Na san ko wane ne, kuma akwai ranar gadin dare. Yallaɓai ya ce in na same shi in kawo masa ya gani, ya juya ya fita. Bai yi dariya a ɗakin ba, na ba shi wannan. A baranda ya yi ta, kuma tagar a buɗe take.

Tunda na riga na ce nema nake, dole na ci gaba da nema. Na rarrafa ɗakin nan lungu-lungu, yaran suna bina a baya su ma a durƙushe, don ba su san ko umarni ba ne. An ga murfi a bayan kabad. An ga kujera a cikin kwandon shara. Ɗan farantin Dogo ya tsinto, ya miƙo min da hannu biyu yana kallon hancina. Sifirin babu shi babu dalilinsa. Muka ja kabad, muka ɗaga tebur, har saman fanka aka leƙa. Sai da gwiwoyina suka yi fari fat sannan Baba ya yi gyaran murya, ya ɗaga ƙafarsa ta dama a hankali. Ga shi nan a ƙarƙashin takalminsa, ya tanƙware a tsakiya.

Na ce, "Haba Baba, tun ɗazu?"

Ya ce, "Ba ka tambaye ni ba. Ɗazu da na yi magana ai cewa ka yi ta ƙasa ne."

Dattijo da jikoki. Ya take shi ne tun lokacin da ya gangaro, ya zauna yana kallona ina share masa ƙasa da wandona. Kuma sifirin da ya tanƙware ba a miƙe shi a mayar, don ba zai ƙara tura kujerar daidai ba, sai dai sabo. Sabo kuma sai an cike takarda, takardar kuma akwai layin da aka rubuta "dalilin lalacewa".

Dattin da aka yi duk wannan yaƙin dominsa, da na zazzage, bai cika tafin jariri ba. Na zura busasshen tsumma ta ciki na ja, na bi da buroshi, an gama. Wani yaro ya miƙo gwangwanin mai, na daka masa tsawar da ta fi laifinsa, na ce ba a sa wa cikin gidan harsashi mai, yashi yake kamawa ya zama laka, kuma harsashi ba ya son jiƙa da shi. Na ƙara da cewa kada wanda ya kuskura ya sa ƙarfe ya banƙare leɓɓan sama, su ke saita yadda harsashi ke shiga, in suka buɗe gidan ya tashi aiki. Babu wanda ya rubuta. Hancina suke kallo, ya fara tashi.

Can mai kula da ɗakin makamai ya dawo. Ya ji labari tun a hanya, ya shigo yana ta faman gyara fuska. Ya ɗauki sauran gidajen ya ce ai sababbi ne shi ya sa, robar ba ta saki ba, in an bar su suka ɗan ji ɗumi sun fi sauƙi. Ya zaro tsinke daga aljihu, ya zura, ya dafe da tafin hannu, ya yi wani ɗan juyi, murfi ya fito salin-alin, sifirin ya miƙe a hankali cikin hannunsa. Yaran har da tafi.

Da kayan aikin da ya dace ai kowa ma gwani ne. Na matsa kusa in ga irin tsinken nasa, sai ga jan salatif. Ya ce wajen mutumin ku ya aro, kuma ba zai ba ni ba sai shi ya ce a bayar. Na hau ofishin sama da takalmi ɗaya a ɗaure ɗaya a sake, aka ce ya ɗauki hutu.