Su har tsummokaran fursunoninsu sun adana

Wani abu da ke ba ni mamaki da mutanen Ostireliya, ko a jikinsu idan ka ce musu kakanninsu fursunoni ne. Daga 1788 zuwa 1868 Ingila ta yi ta kwaso masu laifi tana jibgewa a nan, mutum wajen 162,000, da yawansu ƙananan sace-sace ne suka kawo su, kuma yanzu gidan da aka tsare su a tsakiyar Sidni, Hyde Park Barracks, gidan tarihi ne. Shi kansa Francis Greenway da ya zana ginin fursuna ne, jabun takarda ya jawo masa.

Kuma fa ba wasu kayan alfarma ne a ciki ba. Tsummokara ne da maɓallai da lofen taba da guntayen takarda, wasu ɓeraye ne ma suka ja suka cusa ƙarƙashin katakon daɓe, aka tono aka sa a gilashi ana lallaɓa su kamar zinariya. Daga 1848 ginin ya koma masaukin mata baƙi, har da marayun Ayilan da yunwar dankali ta koro, 'yan mata sama da 4,000 aka kawo ƙasar, a harabar akwai bangon gilashi da sunayen wasunsu.

Sojojin sa kai ma haka. A 1885 bayan an kashe Janar Gordon na Ingila a Khartoum, sai da mutum ɗari bakwai da wani abu suka tashi daga Sidni zuwa Suwakin ta ƙasar Sudan wai za su taya Ingila yaƙar Mahadi, ba su yi wani faɗan kirki ba, cuta ce ta kashe 'yan kaɗan da suka mutu, amma je ka gidan tarihin yaƙi na Kanbera ka ga yadda aka ba su gurbinsu. Yaƙin da ba nasu ba, a ƙasar da ba ta yi musu komai ba.

To mu fa? Kakanninmu sun yi Bama a runduna ta 81 da ta 82, sun sha daji da damina suna fafatawa da Japan, tun 1863 ma Glover, wani hafsan Ingila, ya fara ɗibar Hausawa soja a Legas. Mu ma an yi mana korar mutane, Sarkin Kano Alu da Turawa suka kora a Lakwaja ya rasu a 1926. Amma yawancin abin da muke nunawa a gidajen tarihi sulke ne da kwalkwali da alkyabba, kamar talaka bai taɓa rayuwa ba.

Za a ce ai su suna da kuɗi. Gaskiya ne, amma lambar girman tsoho da takardar sallamarsa daga soja suna nan cikin adaka a gidaje da yawa a Kano da Zariya, gara na ci, ba wanda ya zo ya tambaya, kuma masu ba da labarin sai ƙarewa suke yi.