Agogon da ya ce zuciyata ta wuce gona da iri

Likita ne ya ja mini wannan jidali. Ya ce in riƙa motsa jiki amma kada in takura wa zuciya, bai kuma gaya mini yadda mutum zai gane ya takura mata ba. Tunda dama keke da hawan dutse su ne abin da nake taɓawa, sai na ce bari in nemi na'ura guda mai GPS da za ta nuna mini hanya, ta kuma riƙa ƙirga bugun zuciya.

Mai sayar da kayan ya baje mini iri uku a kan tebur. Akwai wadda ake ɗaurawa a ƙahon keke, fuskarta fankameme, sai dai ita ba ta san kana da zuciya ba sai ka haɗa ta da bel ɗin ƙirji. Akwai ta hannu ta masu shiga daji, mai taswira da batiri mai jurewa, amma nauyinta kaɗai motsa jiki ne. Sai agogo. Ya riƙa jero mini sunaye, Garmin, Polar, Suunto, Coros, ina gyaɗa kai kamar na san iyayensu. Ya ce taurarin ɗan Adam na GPS suna can sama da nisan kilomita 20,000 da 'yan kai, kuma sai na'ura ta kama aƙalla 4 kafin ta san inda kake. Ya ƙara da cewa wannan agogon yana jin na Rasha, GLONASS, da na Turai, Galileo. Na ce, "Malam, duk waɗannan ni kaɗai za su zuba wa ido?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai su ba su ganinka, agogon ne yake sauraronsu." Hankalina ya kwanta, na ɗauki agogon.

Fitar farko, na biyo gangara mai tsakuwa, ƙafata ko feda ba ta taɓawa, iska na kaɗa ni. Na saci kallon hannu, sai ga 187.

Lissafin da aka saba yi shi ne ka cire shekarunka daga 220, abin da ya rage shi ne ƙololuwar bugun zuciyarka a minti guda. Nawa ya kama 175. Wato ina zaune daram a kan sirdi na zarce iyakar da aka yanka mini da 12. Na ja birki, na jingine keken, na zauna a bakin hanya ina tunanin wa nake bi, wa yake bina. Can na sa yatsu biyu a wuya na ƙirga da kaina, ban ko kai 100 ba.

Wani abokin hawana ne ya warware mini, bayan ya gama dariyarsa. Ashe agogon ba ya jin zuciya ko kaɗan. Koren hasken nan da ke bayansa fata yake haskawa, ya auna yadda jini ke ƙaruwa yana raguwa a jijiya. Idan hanya na jijjiga hannu, ko agogon ya yi sako-sako, sai ya ɗauki girgizar a matsayin bugu. Tsakuwa yake ƙirgawa, ni kuma ina rabon gado. Ya ce in matsar da shi sama da ƙashin wuyan hannu in ɗaure tamau. Na ɗaure. Lamba ta daidaita, yatsuna suka daina jin birki.

Daga nan aka ce mafita ita ce bel ɗin ƙirji, domin shi lantarkin zuciyar yake ɗauka kai tsaye ya aika wa agogo ta iska, ta Bluetooth ko makamancinsa ANT+. Gaskiya ne, ya fi agogo faɗin gaskiya nesa ba kusa ba. Abin da ba a gaya maka da wuri shi ne sai ka jiƙa shi kafin ka ɗaura, in ba haka ba zai yi ta zuba shirme har sai gumi ya keto. Haka uwargida ta same ni da asuba a gaban madubi, ba riga, ina shafa wa bel ruwa ina ɗaura shi a ƙasan ƙirji. Ta tsaya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Maigida, lafiya? Ko akwai abin da ya kamata in sani?"

Wanda ya ƙera bel ɗin bai yi shawara da masu tumbi ba. A hawan dutse, duk numfashin da na ja sai ya ɗan zame, har ya sauka ya yi zamansa a kan cibiya. Agogon ya nuna 41, ya nuna 30, sannan ya zana layuka biyu a inda lamba take. A hukumance zuciyata ta tsaya, ga ni kuma ina haki ina riƙe da reshe.

A ranar ce kuma GPS ya nuna nasa halin. A cikin kwazazzabo saƙon taurari bango yake duka ya dawo, sai na'ura ta rikice. Na zauna hutu a gindin dutse, agogon kuma ya ci gaba da tafiya shi kaɗai: ya tsallaka rafi, ya dawo, ya sake tsallakawa. Da na tashi ya ƙara mini kusan rabin kilomita. Wannan kam ban yi musu da shi ba. Shi ma awon tsayi, da nauyin iska yake aiki, don haka da hadari ya haɗo sai ya ce na ƙara hawa, alhali ko takalmi ban ɗaure ba. Sauraron taurari iri uku a lokaci guda kuwa batiri yake sha ba tausayi. Saura ƙiris in kai ƙololuwa ya yi ƙara sau ɗaya ya ɗauke, wurin da shi kaɗai nake son a shaida na je.

Shawararsa guda ce nake bi sau da ƙafa. Duk na dawo sai ya rubuta cewa jikina na buƙatar hutun awa 72, ni kuma ba na jayayya da kimiyya.

Da yake komai yana zuwa waya, sai na miƙa wa uwargida don ta ga taswirar wahalar da nake sha. Ta bi jan layin da yatsa har ta zo wani wuri da ya dunƙule, ta buɗa shi.

"Nan fa? Minti 50 a wuri ɗaya, zuciya 62."

Na ce ai GPS yana rikicewa a ƙarƙashin bishiya.

Ta ce, "To. Shi bel ɗin da ka ce ba ya ƙarya, shi ma bishiyar ce ta sa shi barci?"