Furar Tsuntsaye

Ni da na tashi a ƙauyenmu ana tura mu gonar gero da gwangwani mu kori jan baki, sai ga ni a Ingila ina haya a gidan wata tsohuwa da ke yankar kuɗin fanshonta ta sayo wa tsuntsaye gero. Bayan gidan ma ba ta nome shi, ta bar ciyawa da ƙaya da gangan, wai don bushiya ta samu makwanci.

Ƙarshen Janairu ne, sanyi har cikin ɓargo. A lokacin ne ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, ke sa mutane su zauna awa ɗaya cur suna ƙirga tsuntsayen da suka sauka a lambunsu, tun 1979 suke wannan aiki. Tsohuwa za ta fita, ta miƙo min takarda da biro.

"Ɗana, ka ƙirga min. Na kowane iri, mafi yawan da ka gani a lokaci guda za ka rubuta."

Na ce, "To, Mama."

Na kafa kujera a bakin tagar kicin. Gwara huɗu. Wani ɗan mai jan ƙirji shi kaɗai, yana korar kowa kamar filin gadonsa ne. Sai kurege ya rataye kai ƙasa yana zarar gyaɗa ta ragar ƙarfe. Wallahi hannuna ya yi ta laluben danƙo a aljihu.

Ana haka idona ya faɗa kan wani bokiti a lungu. Curi-curi ne farare, ga ƙwayoyin gero ɓaro-ɓaro a jikinsu. Fura! Wata biyar rabona da ita. Ban tsaya tambayar yadda Baturiya ta iya kirɓa dawo ba. Na ɗauko yogot, na jefa curi biyu, na shiga dama. Ta ƙi damuwa. Na ce sanyi ne, na zuba ruwan zafi, sai maiƙo ya taso ya rufe kwanon. Duk da haka na kurɓa. Dasashina ya daskare kamar na tauna kyandir.

Ashe kitsen saniya ne ake curawa da tsaba a rataya wa tsuntsaye don su jure hunturu.

Da Mama ta dawo ta leƙa bokitin, murna ta kama ta.

"Har curi biyu suka cinye yau? Wane tsuntsu ne haka?"

Na ce baƙo ne, daga Afirka ya zo. Ta ɗauki biro tana tambayata launin fukafukinsa.