'Yan mazan jiya suna nan a unguwanninmu na Legas

Duk ranar 15 ga Janairu, gwamnan Legas da manyan hafsoshi kan hallara a Dandalin Tafawa Balewa, a ajiye furanni, a harba bindiga, a saki tantabaru, kafin azahar an watse. Ranar tunawa da 'yan mazan jiya ke nan. An zaɓe ta ne saboda a irin wannan rana a 1970 Philip Effiong, jagoran sojojin Biyafara, ya miƙa wuya ga Yakubu Gowon a Barikin Dodan da ke Ikoyi, yaƙin basasa ya ƙare. Mu Hausawan Legas kuwa, daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Mile 12 zuwa Alaba Rago, ranar kan wuce muna tsakar kasuwa, ko labarinta ba mu ji ba. Ni a ganina wannan sakaci ne, don babu al'ummar da tarihin soja a birnin nan ya shafa kamar mu.

A 1863 wani hafsan Birtaniya, John Glover, ya tara wasu Hausawa 'yan kaɗan a nan Legas, ya ba su bindiga da kaki. Daga wannan ƙaramar runduna Sojan Najeriya na yau ke ƙirga asalinsa, kuma shekaru masu yawa Hausa ce harshen bariki, har wanda ba Bahaushe ba da ita yake karɓar umarni. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, 'yan Najeriya na cikin waɗanda suka ƙwace Mogadishu daga hannun Italiya a 1941. Bayan nan aka ɗebi dubbai a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can sai dazuzzukan Burma, a Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Manomi ɗan Katsina ko Bauchi, wanda bai taɓa ganin teku ba, shi ne ya yi ta ratsa ruwa da taɓo a kwarin Kaladan, zazzaɓi a jiki, Japanawa a gaba. Da yawansu ma ba bindiga aka ba su ba, 'yan dako ne, harsashi da abinci a ka, a wuraren da mota ba ta shiga. Wanda ya wuce Barikin Arakan a Apapa ko Barikin Myohaung a Yaba, sunayen fagagen wannan yaƙi yake karantawa. A maƙabartar Atan da ke Yaba akwai kaburburan sojojin wancan zamani, amma mu nawa muka taɓa leƙawa?

Na san abin da wasu za su ce, don na sha jin sa a majalisa bayan la'asar: ai Turawa suka yi wa yaƙi, ina ruwanmu? Maganar ba ta rasa tushe ba. Sojan mulkin mallaka ne, kuma irin wannan runduna aka yi amfani da ita wajen cin Kano da Sakkwato a 1903. Amma yaron da hakimi ya rubuta sunansa aka tafi da shi a zamanin Hitila ba shi ya tsara mulkin mallaka ba. Ya dawo aka sallame shi da garatutin da bai kama ƙafar na Bature mai muƙami irin nasa ba. A 2021 gwamnatin Birtaniya da kanta ta nemi afuwa kan yadda aka bar dubban 'yan Afirka da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba tare da an rubuta sunayensu ba. Waɗanda ya yi wa yaƙi sun tauye shi. In jikokinsa ma suka juya masa baya, an zalunce shi sau biyu.

Wasu kuma su ce ajiye fure ba al'adarmu ba ce. Na yarda. To ina tamu? Muna da addu'a, muna da sadaka, muna da kula da maraya da matar da aka mutu aka bari, kuma duk sun fi fure amfani ga mamaci da iyalinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne rayayyun. Dattijon da ke gadin ƙofar wani gida a Ikeja ko Surulere, wanda muke wucewa da "sannu Baba", wataƙila ya yi Laberiya a 1990 ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, ko Saliyo bayanta. Ya gama aiki, ya bi ta cibiyar koyar da sana'a ta sojoji a Oshodi, ya ga ba shi da abin komawa gida da shi, ya zauna. Ga kuma matan da mazajensu suka kwanta dama a yaƙin Boko Haram a Malam Fatori ko Metele, waɗanda bayan ɗan lokaci dole su bar ɗakin bariki da 'ya'ya a hannu. Fansho haƙƙi ne a wuyan gwamnati, kuma wajibi ne mu ci gaba da matsa mata lamba ta biya a kan kari. Sai dai zumunci a ƙafa yake, shi kuwa ba a Abuja ake sa masa hannu ba.

Fadojin sarakunan Hausawa a Legas sun san wanda ya zo da wanda ya tafi a kowace unguwa. Ba zai gagare su buɗe littafi ɗaya ba: sunan tsohon soja, garinsu, inda ya yi yaƙi, wa ya bari. Limamai su ware Juma'ar da ta fi kusa da 15 ga Janairu a yi addu'a, a tara abin da ya sawwaƙa, a kai har gida. Samarinmu da ke riƙe da waya dare da rana su zauna gaban kakanninsu su naɗi labari da bakin mai shi. Waɗanda suka yi yaƙin Burma kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara ashirin a 1967, farkon yaƙin basasa, yanzu yana bakin tamanin, don haka da su ya kamata a fara.