Yadda na zama dagaci a Alƙahira

Kawuna ya zo Masar aikin ido, aka cire masa yana, kuma tun daga ranar da aka kwance bandeji babu aibin da ya sake ɓuya masa. Ni ke karatu a garin, don haka ni ne tafinta, ni ne mai riƙon jaka. Da ya ji ƙarfi sai ya ce lallai a kai shi ya ga abin da Fir'aunoni suka bari, ya samu na faɗa a majalisa.

A Giza dalar Fir'auna Khufu ta cika masa ido. Da na ce asalin tsayinta mita 146 ne, sai da ya yi salati. Abul Haul kuwa, mai gangar jikin zaki da kan mutum, wanda aka sassaƙa daga dutse guda, kallo ɗaya ya yi masa ya ce, "Duk wannan wahala, hanci ne ya gagare su?" Na ce ai da hancinsa, daga baya ya karye. Ya ce haka magina suke cewa kullum.

Washegari muka shiga gidan tarihi na dandalin Tahrir, wanda aka buɗe a 1902. Kawu ya ce kai tsaye in kai shi wurin mai dalar. Na kai shi. Mutum-mutumin Khufu na hauren giwa ne, an tono shi a Abidos a 1903, tsayinsa santimita bakwai da rabi, bai fi ɗan yatsa ba. Kawu ya sunkuya, ya ɗago, ya tambaye ni ko ana mayar da kuɗin tikiti.

Don in wanke masa rai na ja shi wurin Ka-aper, wanda ni a ganina babu kamarsa a gidan. Wani babban malamin tsafinsu ne, an sassaƙa shi da itacen ɓaure shekara wajen 4,500 da suka wuce. Sauran gumakan maza galibinsu ƙirji a buɗe, ciki a shafe, ba alamar tsufa a jikinsu. Shi kuwa mai sassaƙar bai rufa masa asiri ba: ga kumatu, ga tumbi, ga kai fes, ƙafar hagu a gaba, sanda a hannu. Idanun na dutse mai sheƙi ne da aka zagaye da tagulla, suna kallonka har ka tsargu. Ina zuba ilimi na ƙara da cewa leburorin da suka tono shi a Sakkara sun rantse dagacin ƙauyensu ne sak, shi ya sa har yau ake kiransa Shaihul Balad, wato dagacin ƙauye da Larabci.

Kawu bai ce komai ba. Ya dubi gunki, ya dube ni, ya sake duban tumbin gunki.

"Ɗan nan, matsa kusa da shi."

"Kawu, mutane fa..."

"Sa ƙafar hagu gaba. Ungo sandata. Cire hular."

Wa ya isa ya yi wa kawu musu? Na cire, sanƙona ya gaisa da fitila. Wasu Turawa biyu suka ɗaga wayoyinsu su ma, mai gadi ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Kafin mu samu tasi hoton ya isa zauren WhatsApp na dangi. Ƙannena suka shiga turo "ranka ya daɗe", wani ɗan baffana ya kawo ƙarar rikicin gona, yana neman a yanke hukunci kafin damina. Da dare Hajiya ta turo saƙon murya, ba dariya ko kaɗan a ciki. Ta ce ta ga hoto, ta gode Allah ina cin abinci, amma wane ne wannan bawan Allah da ke tsaye kusa da ni ba riga, kuma ɗan gidan wa ne a dangin babana.