Dariyar da Na Yi a Majalisa

Akwai wata dariya da na taɓa yi wadda har yau ban yafe wa kaina ita ba. Da daddare ne muna zaune a majalisa, mu bakwai ko takwas, sai wani abokinmu ya ɗauko labarin yadda suka kwashe da maiɗakinsa. Wai ya dawo a gajiye, ya yi mata magana ta mayar masa, ya ƙara ta ƙara. Sai ya ɗaga hannu yana gwada mana: "Wallahi ɗaya na ba ta, sai da ta ga wuta." Ya kwaikwayi yadda ta dafe kunci ta durƙushe. Wuri ya kaure da dariya. Wani ya ce, "Maganinta ke nan." Wani ya miƙa masa hannu suka tafa. Ni ban tafa ba, ban ce uffan ba, amma na yi dariya, kuma ya ga na yi.

Bayan wasu watanni wani uzuri ya kai ni gidansa. Matar ta fito gaishe ni, ta janyo mayafi ta rufe gefen fuska guda, tana magana ƙasa-ƙasa. Tun ban tambaya ba mijin ya ce zamewa ta yi a banɗaki. Na ce, "Allah Ya sawwaƙe." Ta ce, "Amin." Mu duka ukun mun san ƙarya ce. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ɗansu, yaro ɗan shekara biyar haka. Yana wasa da ƙanwarsa a gefe, ta ɗauke masa wata 'yar motar roba, sai ya ɗaga hannu sama daidai yadda babansa ya gwada mana a majalisa, ya karkace kafaɗa irin tasa, ya ce, "Zan mare ki!" Uban ya yi murmushi ya ce, "Namiji ke nan."

'Yan'uwana maza, yau da ku nake.

Duk lokacin da aka tayar da zancen cin zarafin mata, matan ne ake tarawa. Su ake wa lacca, su ake koya wa yadda za su kare kansu, su ake ce wa kada su fita da dare, su lura da suturarsu, su iya bakinsu, su kai ƙara. Idan abu ya faru, su ake tambaya: me kika yi masa? Me ya kai ki wurin? Shi kuwa mai hannun da ya yi marin yana can cikin abokansa ana ta hira. Matarsa ba ta jin abin da yake faɗa a can, mahaifiyarsa ba ta ji, ma'aikaciyar ƙungiyar kare haƙƙin mata ba ta ji. Mu ne muke ji. Mu yake gaya wa yana ƙyaƙyatawa, yana kallon fuskokinmu ya ga yadda za mu karɓa. Kuma namiji, kowa ya sani, ya fi tsoron zubewar girmansa a idon maza 'yan'uwansa fiye da hawayen mace ɗari.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin uku, wato mata kimanin miliyan 736, ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar lalata, kuma mafi yawa daga hannun miji ko saurayi. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan shekarar 2023 ya ce mata da 'yan mata kusan 51,100 ne mazajensu ko danginsu suka kashe, kimanin 140 kowace rana. Ni idan na ji irin wannan lissafi, gefen da ba a ƙirga ba nake tunawa. Kowace ɗaya cikin matan nan akwai namijin da ya yi mata, kuma wannan namijin yana da abokai, yana da yayye, yana da wanda suke sahu ɗaya a wurin ibada. Da wuya a ce duk cikinsu babu wanda ya taɓa jin ƙishin-ƙishin.

Na san amsar da za a fara ba ni: "Ai ba duka maza ba ne." Gaskiya ne, ba duka ba ne. Yawancinmu ba mu taɓa ɗaga wa mace hannu ba. Amma ni ma ban taɓa ba, kuma da dariyata abokina ya koma gida a daren nan. Amsa ta biyu: "Ai maza ma ana dukansu." Ana yi, kuma wanda aka yi wa ya cancanci a saurare shi ba tare da an mayar da shi abin tsokana ba (ku lura, mu maza ne kan gaba wajen yi masa dariya). Sai dai na lura wannan magana ba ta fitowa sai ranar da aka ce a daina dukan mata. Wanda ya damu da mazan da ake zalunta da gaske, yana da sauran ranakun shekara.

Amsa ta uku ita ce mai nauyi, don da rigar hikima take zuwa: "Tsakanin miji da mata sai Allah." Karin maganar tana da wurinta. An yi ta ne don mai shiga sharo ba shanu, wanda zai tsoma baki a ɗan saɓanin da gobe ma'aurata za su shirya su bar shi da kunya. Ba a yi ta don maƙwabcin da ke jin ihun mace ta katanga ya ƙara sautin rediyonsa ba. Ga mu Musulmi ma zancen a fili yake. Nana A'isha ta ba da shaida cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Da mata suka yi ta zuwa gidansa suna kai ƙarar mazajensu, bai ce su koma su yi haƙuri a rufa asiri ba, cewa ya yi waɗannan mazan ba su ne zaɓaɓɓun cikinku ba. Kuma shi ne ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, da aka tambaye shi yadda ake taimakon azzalumi ya ce ka hana shi zaluncin. A daren nan abokina yana bukatar irin wannan taimako daga gare ni, ban ba shi ba.

Mutane da yawa sun san farin ƙyallen nan da ake maƙalawa a ƙirji a ƙarshen watan Nuwamba, kaɗan ne suka san asalinsa. Ranar 6 ga Disamba 1989 wani matashi ya shiga kwalejin injiniya ta École Polytechnique a birnin Montreal na Kanada da bindiga. Ya shiga aji, ya ware maza gefe, mata gefe, ya ce mazan su fita, sannan ya buɗe wa matan wuta. Mata 14 ya kashe a makarantar a ranar, don kawai mata ne. Ban ga laifin ɗaliban da suka fita ba, mai bindiga ba abin wasa ba ne. Amma hoton nan na maza suna fita ana barin mata a ɗaki ya tsaya wa mutanen ƙasar a maƙoshi. A 1991 wasu maza, cikinsu har da Michael Kaufman da Jack Layton, suka fara gangamin farin ƙyalle, da alkawari mai gaɓa uku: ba zan aikata ba, ba zan goyi baya ba, ba zan yi shiru ba. Gaɓar farko mai sauƙi ce ga mutumin kirki. Ta ukun ce ke kayar da mu, domin a majalisa ba wanda ya ɗora mana bindiga, tsoron kada a ce mana "mijin-ta-ce" ne kawai.

To shin magana da maza tana canza wani abu, ko dai ɓata lokaci ne? Wani lokaci ɓata lokaci ne, in faɗi gaskiya. Taron yini guda a otal, a raba riguna masu rubutu, a ɗauki hoto, a watse, wannan bai taɓa sauke hannun kowa ba. Abin da aka ga yana aiki shi ne zama mai tsawo, ana dawowa mako bayan mako. A Ruwanda an yi wani shiri mai suna Bandebereho, wato abin koyi. Aka riƙa tara magidanta masu ƙananan yara ko waɗanda matansu ke da juna biyu, zama 15, wasu zaman tare da matan. Ba a fara da kiransu azzalumai ba. An fara da abin da ke ransu: wane irin uba kake so ka zama? Yaya babanka ya riƙe gidanku, me za ka ɗauka, me za ka bari? Daga nan aka gangaro kan kuɗin gida, da fushi, da raino, da wanda ke yanke shawara. Da aka bincika daga baya, a sakamakon da aka fitar a 2018, kashi 33 cikin ɗari na matan waɗanda suka halarta ne suka ce an doke su a shekarar da ta gabata, a cikin matan waɗanda ba su halarta ba kuwa kashi 57. Kashi 33 ɗin ma abin kunya ne, amma tazarar nan mata ne na gaske da suka kwana lafiya. A Kampala ta Yuganda ma shirin SASA! ya bi unguwa-unguwa da maza da mata 'yan sa-kai na tsawon shekaru, har dukan mata ya ragu da kusan rabi a unguwannin da aka yi shi.

Batun yara maza kuwa, a nan ne zuciyata ta fi karyewa. Wani bincike da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2013, bayan sun tattauna da maza sama da 10,000 a ƙasashe shida na yankin Asiya da Fasifik, ya nuna cewa cikin waɗanda suka amsa sun taɓa yin fyaɗe, kusan rabi sun fara ne tun ba su kai shekara 20 ba. Dalilin da suka fi bayarwa shi ne ganin suna da haƙƙi a kan jikin mace ko ta yarda ko ba ta yarda ba. Kuma mazan da aka ci zarafinsu suna ƙanana, ko suka tashi suna ganin ana dukan uwayensu, sun fi faɗawa cikin aikata irinsa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ba a haifi yaro da wannan tunani ba, tara masa shi ake yi kaɗan-kaɗan. Ya faɗi ya kurje gwiwa, a ce "yi shiru, namiji ba ya kuka," sai ya koyi cewa fushi ne kaɗai abin da aka yarje masa ya nuna. Ya ci ya tashi ya bar kwano, a kira yayarsa ta ɗauke. Ya kai shekara goma sha biyu, a naɗa shi mai gadin 'yan'uwansa mata, har da waɗanda suka girme shi, a ba shi izinin tsawa. Sannan a miƙa masa waya, inda wasu ƙattin banza ke koya masa dare da rana cewa mace ba ta jin lallashi sai an taka ta. Ranar da ya yi aure kuma mu taru muna mamakin inda ya samo hali.

Akwai wata dabara da muke yawan amfani da ita wajen wa'azi: "Ka ɗauka 'yarka ce, ka ɗauka ƙanwarka ce." Tana taɓa zuciya, ni ma na sha faɗa. Amma na daina dogara da ita, domin na ga mutumin da zai iya zubar da jini idan aka mari ƙanwarsa, kuma shi ne ke marin ƙanwar wani a ɗakinsa. Ashe shi ba marin ne ke damunsa ba, an taɓa tasa ne. Macen da ba ta da wa, ba ta da uba mai faɗa-a-ji, ita ma mutum ce, kuncinta ma yana zafi.

Wani gargaɗi kuma ga mu da muka fara buɗe baki. Kada mu mayar da abin wata sabuwar hanyar neman tafi. Mata sun daɗe suna wannan faɗa, su suka buɗe gidajen fakewa, su suka yi ta bin 'yan majalisa har aka yi dokoki, su suka sha zagi. Ranar 25 ga Nuwamba ma da ake tunawa da ita duk shekara a matsayin ranar yaƙi da cin zarafin mata ta duniya, ta 'yan'uwa mata uku ce 'yan gidan Mirabal da gwamnatin Trujillo ta kashe a Jamhuriyar Dominika a 1960. Bai dace namiji ya shigo jiya ya ƙwace makirufo yau ba, balle a kwashe ɗan abin da ake tallafa wa waɗanda aka zalunta a mayar wurin taron maza. Wurin da aka fi bukatar muryarmu ba shi da dandamali, ba shi da kyamara. Cikin rukunin WhatsApp ne lokacin da aka turo bidiyon wata yarinya ana sheƙe dariya. Cikin mota ne lokacin da aboki ya leƙa taga ya jefa wa mai wucewa maganar banza. A zaman sulhu ne, lokacin da dattawa suka juya ga matar da idonta ya kumbura suka ce "ki yi haƙuri," ba wanda ya juya ga mijin ya ce "kai kuma kada ka kuma."

Ni dai daga baya na koma wurin abokina. Na same shi shi kaɗai, don na san a gaban mutane kare kansa zai yi. Na ce masa labarin da ya ba mu ba abin dariya ba ne, kuma na yi kuskure da na yi dariya. Na gaya masa abin da na ga ɗansa ya yi da hannu. Ya haɗe rai, ya ce yaushe na zama alƙali, ya ce in je in gyara gidana. Ya yi wata biyu ba ya ɗaga wayata.

Ranar da ya kira, bai ambaci zancen ba. Mun gaisa, ya tambayi iyali, muka yi 'yar hirar aiki. Har zan kashe sai ya ce, "Tsaya. Da gaske haka yaron ya ɗaga hannun?" Na ce haka ya ɗaga. Ya yi shiru, ina jin numfashinsa, can ya ce zai kira ni gobe.