Gejin tiyo ko na waya? A Jidda amsar daban, a Kano daban

Duk mai jan tsohuwar mota a Jidda, Hiace ce ko Camry ko tsohuwar Land Cruiser, da watan Yuni ya kama rabin hankalinsa kan koma kan allurar zafin inji. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka. Ga esi a kunne, ga mota maƙil da mutane, ga hawan Hada zuwa Ɗa'if da inji ke nishi tun daga gindin dutse. Shi ya sa direbobinmu da yawa ba sa sakin jiki da gejin kamfani kaɗai, sai sun je sana'iyya, unguwar makanikai, an ƙara musu wani. A nan gardama ke tashi: na tiyo za a sa ko na waya?

Gejin tiyo ba ruwansa da batir. Idan na zafi ne, wani ɗan kai na tagulla ake ɗaurawa a inda ruwan inji ke wucewa, haɗe da siririn bututu rufaffe wanda ke ɗauke da wani ruwa mai saurin kumbura. Zafi na ƙaruwa, matsi na ƙaruwa, sai ya miƙar da wani lanƙwasasshen bututu da ke bayan allura. Dabarar tsohuwa ce, Bafaranshen nan Eugène Bourdon ne ya yi mata rajista a 1849. Idan kuwa na matsin baƙin mai ne, to man kansa ne ke biyo tiyo tun daga inji har bayan dashbod. Na waya kuma sansa ce a jikin inji, tana rage ko ƙara wutar da ke wucewa gwargwadon zafi ko matsi, waya kaɗai ke shigowa cikin mota.

Ni dai a nan ƙasar na waya nake zaɓa, musamman ga baƙin mai, kuma ba na jin akwai mai canza mini ra'ayi. Wani maƙwabcina, dattijo ne da ke jigilar masu Umra tsakanin Jidda da Makka, an sa masa na tiyo da ɗan siririn tiyon roba da ke zuwa a cikin kwalin. Mai sawar ya zura shi ta hudar ƙarfen da ke raba inji da cikin mota, ko robar kariya bai sa ba. Jijjiga ta yi ta goga shi a bakin ƙarfe har ya tsage. Man inji mai zafin kusan digiri 100, ga matsi a bayansa, ya dinga tsartuwa a kan ƙafarsa da farar jallabiyarsa da kafet, yana tsakiyar babban titi. Na je duba shi da daddare na ce, "Baba, me ya kai ka?" Ya ce, "Yaro, an ce mini shi ba ya ƙarya." Gaskiya ne ba ya ƙarya, amma ya shigo da mai cikin ɗaki, kuma duk ɗigon da ya zuba a kafet daga cikin inji ya fita. Wanda ya nace sai na tiyo, ya sayi bututun tagulla ko tiyo mai sulken ƙarfe. Gejin tiyo na fetur kuwa ko da wasa kada a shigo da shi cikin mota.

To me ya sa ban ce wa na gida su ma su bi na waya ba? Saboda na san hannun da zai taɓa wayar. Gejin waya na da sharuɗɗa biyu, kuma dukansu a garejinmu ake karya su. Na farko, dole sansa ta zama abokiyar gejin, tare aka ƙera su. Ka je Ƙofar Ruwa a Kano a ba ka geji na kamfanin VDO, sansa kuma a tsinto ta daga wata motar a ce "ai duk ɗaya ne, Alhaji", allura za ta motsa kam, amma abin da take nunawa ba shi ke cikin inji ba. Na biyu, sansa mai waya ɗaya ta jikin zarenta take samun as, wato haɗuwa da ƙarfen inji da wuta ke komawa ta cikinsa. Yaron gareji ya naɗe zaren da farin tef don kada ya yi yoyo, shi ke nan ya raba ta da jikin inji. Ƙara da wayarin da hannu goma suka yi wa yanke-da-ƙulli, fiyus an maye shi da silin waya, kan batir ya yi tsatsa. A irin wannan mota sai ka kunna fitila ka ga allurar zafi ta ɗaga.

Ba wai makanikan Jidda waliyyai ba ne. Akwai masu aikin ganin dama a nan ma. Bambancin shi ne geji da sansarsa a kwali ɗaya kake saye, motoci ba su sha yankan waya kamar namu ba, ga kuma fahas, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, da ke sa mai mota ya ɗan ji tsoron barin ta ta lalace.

Don haka ga tsohuwar Golf ko Sharan da ke zirga-zirga daga Kano, gejin zafi na tiyo ya fi mini kwanciyar hankali. Babu ruwan lagireto a cikin bututunsa, ko ya karye ba zai ƙona kowa ba. Allurarsa na zagaya kusan kashi uku cikin huɗu na fuskar gejin, ƙaramin canji ma sai ka gan shi, alhali na waya masu araha ɗan kwana kaɗan suke yi. Kuma ko ka kashe mota yana nan yana aiki, za ka ga yadda zafi ke ƙara hawa bayan an tsaya, abin da direbobi da yawa ba su san yana faruwa ba. Aibinsa ɗaya: ba a yanke bututun, ba a lanƙwasa shi da ƙarfi. Ya yi tsawo, sai a naɗe shi a ɗaure nesa da salansa. Ya tsage, sai sabo.

Masu sababbin motoci kuma ba su cikin wannan gardamar. A yawancinsu kwamfuta ce ke riƙe allura a tsakiya, ba ta motsi sai abu ya yi nisa, wasu ma fitila kawai aka ba su. Amma duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 tana da soket ɗin OBD, na karanta kwamfutar mota, a ƙarƙashin sitiyari. Ɗan ƙaramin abu za ka soka, wayar hannunka ta nuna maka zafin da lamba, ba a huda komai ba.

Abu ɗaya da duka biyun suka yi tarayya a kai: ruwa suke aunawa. Idan tiyon lagireto ya fashe ruwa ya tsiyaye, kan gejin na rataye a iska, allura na iya sauka alhali gasket na ƙonewa. Direban da ya ga allura ta faɗi haka kawai a tsakiyar hawa, ya tsaya ya duba.

Kuma kowanne ka saya, kafin a ɗaura a gwada shi. A tafasa ruwa a butar shayi a tsoma kan a ciki; na waya sai an haɗa masa batir da as. A Jidda, da yake bakin teku ne, ya kamata ya nuna 100. A Kano zai gaza da digiri ɗaya ko biyu, a Ɗa'if kuwa wajen 94, saboda tudu. Idan ya kauce da yawa, a mayar wa mai shago tun kwalin bai yage ba.